Zuwa ga Bagobirin Agege

Mabera, Sakkwato
Daren Laraba

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da 'yan makaranta. Ina gajiya, ina ruwan Ikko? Na san ka cika ka batse. Saƙonninka na murya guda uku suna nan cikin waya, na saurare su duka, har da wanda ka ce wai tun da aka ƙara mini girma a wurin aiki na daina sanin mutane. Allah ya shirye ka. Maganar katangar filinka na Arkilla kuma zan zo kanta wani lokacin, don na je na gani da idona. Amma bari in fara da abin da ya hana ni barci mako biyu, wanda shi ya sa na ƙi kiran waya, na ce wannan sai a rubuce.

Ruwan da aka yi daren Juma'ar waccan ya sami rufin ɗakin marigayi Baba. Da safe muka tarar tabarma ta jiƙe sharkaf, ruwa ya kwanta har ƙarƙashin adakarsa, wadda ba wanda ya taɓa ta tun rasuwarsa. Dole muka fito da ita tsakar gida muka buɗe. Akwai Ishiriniyarsa da Ahalari, da takardun haraji na zamanin En'e, da hular da yake zuwa Idi da ita. A can ƙasa kuma, nannaɗe cikin tsohon rawani, ka san abin da na gani? Mujallar barkwancin nan, Ikebe Super. Wannan dai tamu, wadda muka haɗa kuɗin tara na kwana uku muka saya wajen mai jaridar bakin tasha, wadda Baba ya kama ni da ita a zaure cikin littafin lissafi, ya ce zai sa a murhu. Ashe bai ƙona ba. Shekara wajen arba'in tana kwance tare da littattafansa. Gara ta ci gefen bangon, takardar ta koma ruwan ƙasa, amma sanƙon Papa Ajasco yana nan yana ƙyalli kamar jiya aka buga.

Ina buɗe tsakiyarta sai wata takarda ta faɗo, an yage ta daga littafin rubutu, an ninka huɗu. Zanenka ne. Malamin lissafi a kan kekensa, wandon ya ɗage, kwandon baya cike da bulalai, ga mu nan mu uku muna leƙe ta taga. Har kunnena ka yi daidai. Wallahi sai da na zauna a kan turmi. Na tuna ranar da aka gano irinsa a kan allo, aka fito da kai gaban taron safe, aka yi maka abin da aka yi maka, aka ce zane aikin 'yan iska ne. Tun daga ranar ban ƙara ganin ka riƙe fensir don nishaɗi ba. Ba mu taɓa maganar ba, ni da kai, duk tsawon shekarun nan. Yau na yi.

To, ga inda labarin ya juya. Ɗiyarka ta fari tana tsaye a kaina tana shanya littattafan. Ta karɓi mujallar tana juyawa a hankali, ta karɓi zanenka ta daɗe tana kallo, ta tambaye ni wa ya yi. Na gaya mata. Ba ta ce komai ba, ta shige ɗaki. Can sai ga ta da jakar leda, ta ajiye a gabana, ta koma bayan uwarta ta tsaya. Littattafan zane ne guda bakwai, cike taf. Shekara uku tana yi, tun tana aji biyu a Jami'ar Danfodiyo, a cikin motar zuwa Dundaye da dawowa, da dare kuma bayan kowa ya kwanta. Uwarta ta sani, ƙannenta sun sani, ni kaɗai aka ɓoye wa don ana tsoron abin da zan ce.

Labari ne gida-gida, kowane gida da zanensa da maganar mutane a cikin da'ira. Wani tsoho mai kurar ruwa, da wata tsohuwa mai fura a Tsohuwar Kasuwa, kullum suna faɗa a kan bashin jarka biyu. Akwai wurin da tsohon ya tsaya a gindin darbejiya, ya cire hula yana fifita da ita, jijiyoyin ƙafarsa sun fito raɗa-raɗa, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure da waya, yana cewa, "Wagga rana ta hi ƙarhin mutum." Ita kuma tsohuwar ta leƙo daga bayan ƙwaryarta ta ce, "Rana ba ta hana biyan bashi, kawo kuɗin hurata." Na yi dariya har da hawaye. Na san tsohon nan. Kai ma ka san shi, ko da ba ka taɓa ganinsa ba.

Daren nan ita ta zaunar da ni tana karanto mini tarihin mai mujallar daga wayarta, ina ƙara mata da abin da na sani. Taubashinka ne, don haka ka gyara zama ka ji yadda Bayarabe ya yi abin da Bagobiri ya gudu ya bari. Wale Adenuga, an haife shi a 1950. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba zane ya karanta ba. Harkar kasuwanci ya karanta a Jami'ar Legas, zanen barkwanci kuwa a mujallar ɗalibai yake yi a gefe. Da ya gama ya yi hidimar ƙasa, maimakon ya nemi kujera a banki kamar sauran abokan karatunsa, a lokacin da mai digiri aiki ke nemansa ba shi ke neman aiki ba, sai ya fito da Ikebe Super a 1976. Shi ne mai ƙirƙiro labarin, shi ne mai zane, shi ne edita, shi ne mai kula da bugu da rarrabawa. Daga baya ya ƙara da Super Story, ya kuma yi Binta domin yara.

Ka tuna yadda muke rabon sunaye? Kai ne Boy Alinco saboda tabaran nan na aro da tafiyar rangwaɗa da kake yi in za mu wuce ƙofar makarantar 'yan mata. Dogo shi ne Pa Jimoh. Ba wanda ya yarda ya zama Papa Ajasco sai da Allah ya kawo mana shekaru, yanzu kuwa hoton da ka turo na bikin Sallah ya nuna wa ya gaji sanƙon. Kar ka ce hula ce ta ci gashin.

Na kwana ina tunanin dalilin da ya sa mu, 'yan Sakkwato da ba mu taɓa taka Ikko ba, muke hana cikinmu ƙosai don mu sayi labarin mutanen Ikko. Ina ganin abu biyu ne. Na farko, bai sa mutanensa Turancin littafi a baki ba. Buroka suke yi, irin wanda muke ji a bariki da tasha da shagunan Emir Yahaya, saboda haka ko wanda ya faɗi jarrabawar Turanci yana karantawa ya ƙyalƙyale. Na biyu, mutanen nasa ba baƙi ba ne. Magidanci mai idon mata, matarsa da ta gaji da halinsa, saurayi mai ƙaryar arziki, budurwa mai son abin duniya irin Miss Pepeiye, tsoho mai shirme. Kowace unguwa tana da su, daga Mushin har Rijiyar Ɗorowa. Sutura ce kawai ta bambanta.

Ba shi ya fara zanen barkwanci a ƙasar nan ba. Kafin shi an yi Akinola Lasekan, mai sa hannu da Lash a jaridar West African Pilot ta Azikiwe, yana caccakar Turawan mulki da zane tun shekarun 1940. Amma shi a jaridar wani yake. Adenuga kuwa gidan nasa ne, kuma nan ne karatun kasuwancin ya yi masa rana. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada, mai albashi ya koma lissafin garin tuwo, mujallu da yawa suka mutu. Shi sai ya kwashi mutanensa ya canza musu gida. Dama tun farkon shekarun 1980 ya yi fim ɗin Papa Ajasco na silima. A tsakiyar shekarun 1990 ya kai su talabijin, inda Pa James ya shigo cikinsu, a 2001 kuma Super Story ta zama shirin da matanmu ke barin tukunya a wuta saboda shi. A 2004 ya buɗe makarantar koyon harkar fim, PEFTI, nan kusa da ku. Ka tuna abin da ake faɗa a ƙarshen shirin, cewa mu ba komai ba ne face fensir a hannun Mahalicci? Sai yanzu na gane cewa mai zane ne kaɗai zai zaɓi wannan kalma.

Af, kafin in manta, Dogo ya ƙara aure. Wata bazawara ce daga Kware, an ɗaura bayan Juma'a, ba a yi taro ba. Ya ce in gaya maka gudummawarka ba ta wuce lokaci ba. Mutumin Gidan Igwai kuma ya dawo daga Umara da sabon haƙori da sabon suna, in ba ka ce Alhaji sau biyu ba ba ya juyowa. Gulbi ya cika sosai bana, masu shinkafa a fadamar Kwalkwalawa hankalinsu a tashe yake, kowa kunnensa na wajen Goronyo ko za a saki ruwa. Allah ya kawo sauƙi. Inna tana gaishe ka, ƙafar ce dai ke damunta, ta ce rabonta da kai tun sunan autanka.

In koma. Ba a rasa ƙura ba. Yaya da ya ji labari ya zo har gida bayan Magariba, ya ƙi zama a kan kujera, ya ce ni da nake malami zan bar 'ya mace tana zana masu rai, me zan ce gobe kiyama? Ban yi masa musu ba, don ba da mugunta ya faɗa ba, tsoron Allah ne ya kawo shi. Na ce mu je mu tambaya. Washegari bayan Asuba muka sami Malam a zaurensa, na ɗauki littafi ɗaya na tafi da shi. Ya sa tabarau ya duba shafi-shafi, bai yi gaggawa ba. Ya ce mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, akwai masu tsanantawa kuma suna da hujjojinsu, amma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda bai kai can ba. Sannan ya ce abin da ya fi damunsa shi ne me zanen ke koyarwa, da yadda aka suturta mutanen ciki. Da ya zo kan tsohuwa mai fura sai na ga gemunsa yana rawa. Yaya dai bai ce ya yarda ba, bai kuma ƙara cewa a hana ba. A hanya ya tambaye ni ko tsohon ya biya bashin daga ƙarshe.

Maganar Malam ta sutura gaskiya ce, kuma ni ma sai da na faɗa wa yarinyar. Mujallar da muka so ɗin nan, sunanta kaɗai ya isa ya gaya maka inda ta dosa, akwai shafukan da na danne da hannu lokacin da take juyawa. Baba yana da hujjarsa da ya ƙwace. Abin da za a ɗauka wajen Adenuga shi ne idonsa a kan mutane, da kunnensa a kan harshensu, da riƙon kasuwarsa. Sauran a bar wa Ikko kayanta. Garin da Nana Asma'u ta karantar da mata ta hanyar waƙa, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye da abin da za su haddace, ba zai rasa wurin da zai ajiye yarinya mai koyarwa da zane ba.

Mun yi namu saɓanin ni da ita. Ka san hannuna da jan biro. Na ɗauka na fara mayar da "hura" fura, "mi kaka so" me kake so, "tahi" tafi. Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Baba, in ya yi irin wannan maganar ai ba shi ba ne." Na ajiye biron. Tana da gaskiya, kuma hujjar tana hannuna, don da an sa wa Boy Alinco Turancin Sarauniya da ba mu san shi ba. Muka yi yarjejeniya: bayanin mai ba da labari a saman gida ya bi daidaitacciyar Hausa, abin da ya fito daga bakin mutane kuwa a bar shi da Sakkwatancinsa. Bakano ya yi haƙuri ya koya, mu ma mun daɗe muna haƙuri da nasa.

Sai muka yi gangancin gwada bugu. Na kai shafi goma sha biyu wani shago a cikin gari, na ce a yi mana kwafi hamsin mu raba wa 'yan'uwa da makarantu biyu mu ga yadda za a karɓa. Ranar da na je karɓa na buɗe a nan gaban mai shagon, gabana ya faɗi. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wani ɗan akwati ne ya fito a wurin, don kwamfutarsu ba ta san haruffan ba. Baƙin ya yi yawa har fuskar tsohon ta zama dunƙulen gawayi, jijiyoyin ƙafar nan da ta ɓata dare biyu a kansu sun nutse. Shafi na bakwai ya riga na shida. Da na yi magana sai ya ce ai ana ganewa. Na biya na kwaso, na ɓoye a but ɗin mota kwana biyu kafin na iya nuna mata. Da ta gani ba ta yi kuka ba, ta ce daga yau da hannu za ta riƙa rubuta maganganun, harafi-harafi, a ɗauki hotonsu tare da zanen, ta ga yadda na'ura za ta ci su. Ta kuma gano da kanta cewa in za a ɗinke mujalla da waya a tsakiya, dole shafukan su zama huɗu-huɗu, saboda haka za ta kai shi goma sha shida har da bango.

Ita dai ra'ayinta a fara sakawa a Facebook da WhatsApp, ta ce zanen Mustapha Bulama na Daily Trust ai a waya yawancin mutane ke ganinsa, ba a takarda ba. Ban ƙi ba, a saka. Amma na dage sai an buga ko kaɗan ne. Yaran da nake koyarwa, da yawansu ba su da waya, ba su kuma taɓa riƙe wani abin karantawa da Hausa wanda ba na jarrabawa ba. Ina so in ga yaro ya ɓoye wannan a cikin littafin lissafi. In na kama shi ba zan ƙwace ba.

To ga abin da nake nema wajenka, abu biyu, kuma kar ka ce mini shago ya riƙe ka. Na farko mai sauƙi ne. Ka shiga Shomolu, tunda can ne matattarar masu buga takardu, ka tambayo mana nawa za a yi kwafi dubu ɗaya: shafi goma sha shida, ciki baƙi da fari, bango mai kala, ɗinkin waya. Ka tambayi wuri uku aƙalla, ka sa su nuna maka aikin da suka taɓa yi mai zane, ka duba siraran layuka ko suna fita. Ka yi ciniki da Yarbancin nan naka da kake mana burga da shi, ka ce musu ubangidansu ne ya zo daga Gobir. In ka ci karo da tsofaffin Binta wajen masu sayar da littattafai a ƙasa, ka saya mata ko guda biyu ne, tana so ta ga yadda ya tsara na yara.

Na biyu shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Yarinyar tana da hannu, tana da kunne, amma ba ta da edita. Ni kuskuren rubutu kawai nake gani. Ban san lokacin da gida huɗu suka yi yawa inda ɗaya ya isa ba, ban san inda ya kamata abin dariya ya faɗo a ƙarshen shafi don mai karatu ya juya ba. Kai ka sani. Tun muna aji uku kake cewa wannan hannun ya yi tsawo, wancan idon ba ya kallon inda ya kamata. Adenuga shi ya zama editan kansa, amma ba kowa Allah ke haɗa wa biyun ba, Gaskiya Ta Fi Kwabo ma da aka fara a Zariya a 1939 sai da aka nemo Abubakar Imam ya zauna a kanta. Zan turo maka hotunan shafukan gobe in an kawo wuta na yi caji. Ka duba su da idon nan naka, ka faɗa mata gaskiya ba tare da ka karya mata gwiwa ba. Ta riga ta liƙa zanenka na malamin lissafi a bangon ɗakinta, sama da teburin da take aiki, kullum sai ta tambaye ni ko ka amsa.

Kuma in Allah ya sa ka sayi fensir a hanyar Shomolu, ba wanda zai fito da kai gaban taro. Tana neman wanda zai zana mata mai babur ɗin da ke shigowa a shafi na goma, ta ce babur yana ba ta wahala, ƙafafun kullum sai su fito kamar faifai. Na ce mata na san wanda ya taɓa zana keke har da sarƙarsa.

Ka gaishe da uwargida da kyau, ka ce mata kilishin yana nan tafe ta hannun direban da ya kawo na bara, ranar Litinin zai taso. Ka kira shi da wuri, kar ya sake kwana da shi a Mile 12.

Naka har kullum,
Abokin zamanka na benci na baya